Tun da aka hana mu kwanan sansani yaran suke guduwa

Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni malamin firamare ne a garin Daura, shekaruna 31, kuma ni ke riƙe da ƙungiyar sikawut ta unguwarmu. A cikinta na tashi. Muna yara, duk hutun ƙarshen shekara sai an kai mu bakin dam mu kwana biyu ko uku, mu kafa tanti, mu dafa abincinmu da kanmu, kuma har gobe abokan da na yi a can su ne aminaina. Tun satar ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara, uban ƙungiyarmu, wani dattijo Alhaji da ya ba mu wurin taro kuma yake ɗinka wa marasa hali kaki, ya ce an daina kwana a waje. Sai fareti ranar Asabar, sai gyara hanya ranar hawan Sallah da na Gani. Da mun kusa 50, yanzu da ƙyar 14 ke zuwa, su ma ƙanana ne. Manyan, 'yan shekara 15 zuwa 17, duk sun zame. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani maraya ne da nake ji da shi, yanzu a majalisar 'yan shaye-shaye nake ganinsa, in ya hango ni sai ya kau da kai.

Mataimakina, abokina ne tun na ƙuruciya, ya ce mu kwashi waɗanda suka rage mu kai su bakin dam kwana biyu, mu ce wa iyaye horo ne a wata makaranta cikin gari. Ya ce in na ƙi zai fita, kuma na san wasu yaran za su bi shi. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya ma ya ce ɗansa ba zai kwana ko'ina ba. Wasu iyayen kuma kuɗi ne kukansu. Na rasa yadda zan yi, har na fara tunanin ajiye shugabancin. A ba ni shawara.

Malamin makaranta, Daura

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah Ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da 'ya'yan mutane ba da ko sisin kwabo ba. Wasiƙarka ta taɓa mini zuciya, musamman inda ka ambaci marayan nan. Amma bari in fara da abin da ba zai jira gobe ba.

Kada ka yarda da shawarar mataimakinka, ko na kwana ɗaya ne, ko da dam ɗin a bayan gidanku yake. Yaron da uba ya miƙa maka amana ce, kuma ya miƙa shi ne bisa abin da ka faɗa masa da bakinka. Ranar da ka ce makaranta za ku, ka zarce da ɗansa bakin ruwa, ka fita daga izinin da aka ba ka. Mu ɗauka ma an je lafiya an dawo lafiya. Yara 14 ba sa riƙe sirri, kafin mako ya zagayo labarin ya shiga kowane tsakar gida, kuma daga ranar babu uwar da za ta sake goge wa ɗanta kaki ya zo wurinka. In kuma aka samu akasi, maciji ya sari wani ko wani ya zame a ruwa, da wane baki za ka je gidansu? Ga kuma ɓarnar da ido ba ya gani: yaran da kake karanta wa alƙawarin sikawut kana koya musu riƙon gaskiya za su ga malaminsu ya yi wa iyayensu ƙarya, har ya sa su taya shi rufe ta.

Shi kuma Alhaji, ina roƙonka ka daina kallonsa a matsayin tsohon da ya tare wa yara hanya. Ka tuna daren 11 ga Disambar 2020. 'Yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara fiye da 300 cikin daji a ƙafa, a daidai lokacin da marigayi Shugaba Buhari yake hutawa nan Daura. Sai bayan kwana shida aka sako su, gwamnatin jiha kuma ta rufe makarantun kwana a lokacin. Duk wanda yake da ɗa a jihar nan bai yi barcin kirki ba a makon. Na san za ka ce Daura ba Ƙanƙara ba ce, kuma gaskiyarka. Yankinku yana nesa da dajin Rugu da ƙananan hukumomin da wutar ta fi ci, irin su Batsari, Safana, Jibiya, Faskari da Ɗanmusa, Allah Ya kawo musu sauƙi. Sai dai tsoron uba ba ya lissafin kilomita. Dattijon da yake cire kuɗi daga aljihunsa ya ɗinka wa ɗan wani kaki ba ƙin yaran yake ba. Tsoro yake kada a wayi gari shi ne zai bi gida gida yana ba da haƙuri. Da wannan fahimtar za ka tunkare shi, in ba haka ba ba za ku daidaita ba.

To amma mataimakinka ma ba a banza yake magana ba, hanyar da ya zaɓa ce ta ɓaci. Abin da ya hango gaskiya ne: ƙungiyar samari da ba ta fita, sannu a hankali take mutuwa. Ita kanta sikawut ɗin a sansani aka haife ta. A watan Agustan 1907 ne Baden-Powell, wani babban hafsan sojan Ingila, ya kwashi yara wajen 20 ya kai su tsibirin Brownsea suka yi kimanin mako guda, wasu 'ya'yan masu hali, wasu 'ya'yan talakawa. Sai a shekarar da ta biyo baya littafinsa na koyar da sikawut ya fito, sai a 1915 abin ya iso Najeriya. Abin da nake so ka lura da shi a labarin shi ne yadda ya tsara yaran. Rukuni huɗu ya raba su, kowane rukuni ya ba shi shugaba daga cikin yaran da kansu, ya ɗora masa alhakin 'yan uwansa dare da rana. Nan sirrin yake, ɗana. Tanti da daji ado ne a kai.

Ka koma kan naka yarintar ka tambayi kanka, me ya sa abokan bakin dam suka zama aminanka? Ba don ruwan dam ba ne. Don a can ne aka fara dogara da kai da gaske. In kai aka ba hura wuta ka yi sakaci, mutum bakwai za su kwana da yunwa, kuma kowa ya san laifin waye. In kai ke gadi daga ƙarfe biyu zuwa huɗu na dare, barcin sauran a hannunka yake. A gida yaro ɗan shekara 16 ɗan aike ne, a makaranta lamba ce a rajista, a wurin fareti ƙafa ce cikin ƙafafu. A sansani kaɗai ake cewa wane ina yake, aiki ya tsaya sai ya zo. Wannan jin cewa ana bukatarsa shi ke ɗaure saurayi a ƙungiya. Kuma ka yi haƙuri in faɗa maka, shi ne abin da majalisar 'yan shaye-shaye da gungun ƙauraye ke ba yaro kyauta: suna, matsayi, da mutanen da za su tambaya in bai zo ba.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu suna da sarkin samari da muƙarrabansa, suna fita gayya su nome gonar wani cikin yini ɗaya, suna fita farauta da rani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Ko bautar ƙasa da aka kafa a 1973, tambayi duk wanda ya yi ta, shekara guda ya yi amma makonni ukun sansani, irin wanda ke kan hanyar Mani a Katsina, su ne ba sa fita daga bakinsa. Shi ya sa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ba ta wasa da taron kwanakin da take tara ɗalibai lokacin hutu, 'yan agajin ƙungiyoyin addini ma suke haɗa nasu sansanin horon. Yaron da ya shekara biyar yana hagu dama a fili ɗaya, yana ƙulla igiyar da bai taɓa ɗaure komai da ita ba, kamar wanda ake koya wa riƙon fartanya ne a tsakar gida ba a taɓa kai shi gona ba. Dole wata rana ya ajiye ta.

Duk da haka kada ka ɗora komai a kan rashin sansani. Shekarun da ka ambata, 15 zuwa 17, su ne shekarun da rayuwa ke fara jan yaro ta ko'ina. Wani yana fama da karatun WAEC da NECO da JAMB, wani uba ya kai shi kasuwa ko garejin kanikanci, wani ya hau acaɓa don gidansu na jiran cefane, wani kuwa kunyar sa gajeren wando yake a gaban 'yan matan unguwa. Ranar Asabar ma ranar nema ce ga yaron da ke koyon sana'a. Saboda haka kafin ka je wurin Alhaji, ka zaɓi shida ko bakwai daga cikin manyan da suka bari, ka same su ɗaya bayan ɗaya inda suke, ba a filin fareti ba. Kada ka je da faɗa ko wa'azi. Ka ce, wane, na zo ne in ji me ya raba mu, kuma me za a yi ka dawo. Ka yi shiru ka saurara. Zai yiwu ka ji abin da ba ka zata ba, har da ƙorafi a kanka ko a kan mataimakinka. Abin da suka faɗa maka shi ne hujjar da za ka riƙe, domin dattijo ya fi jin “yaran sun ce” a kan “ni ina ganin”.

Sannan ka je wurin Alhaji, kai da mataimakinka, bayan sallar la'asar ko duk lokacin da ka san hankalinsa a kwance yake. Kada kalmar dam ta fito daga bakinku. Ka fara da godiya, ka ce masa, Baba, hanin da ka yi mun ji kuma mun bi, yau shekaru ke nan ba mu saɓa ba, amma ga halin da yaranka suke ciki. Ka ba shi labarin marayan nan ba tare da ka tozarta yaron ba. Sai ka roƙi abu ƙarami wanda zai yi masa wuya ya hana: yini guda, daga bayan sallar asuba zuwa la'asar, a filin wata makaranta cikin gari. Yara su rabu rukuni rukuni, mutum shida zuwa takwas, kowane rukuni da murhunsa da tukunyarsa, su je kasuwa su yi cefane da kansu, su kafa rumfa da tamfol da igiya, su dafa, su ci, su wanke, su share wurin. A tsakiyar yinin su taka a ƙafa zuwa rijiyar Kusugu da ƙofar fada, wani babba a cikinsu ya ba ƙanana tarihin, ba kai ba. Ku gayyaci Alhaji ya zo cin abincin rana. In shinkafar ta caɓe, a bar ta haka, ya ci abin da yaransa suka dafa. Gani ya kori ji.

Idan an yi irin wannan yinin sau biyu ko uku lafiya, sai ku nemi kwana ɗaya, nan ma cikin gari. Kuma a nan ina so ka yi taka-tsantsan da hujjarka. Kada ka ce wa iyaye ai makaranta ce mai katanga, domin wani zai tuna maka cewa yaran Ƙanƙara ma daga cikin makaranta aka ɗebe su. Abin da ke kwantar da hankali shi ne wurin ya kasance tsakiyar jama'a, ba bakin gari ba, mai unguwa ya sani kuma ya amince, a kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, a sanar da 'yan sintirin unguwa, shugabanninku na sikawut na ƙaramar hukuma da na jiha su san da zaman, kuma iyaye maza uku ko huɗu su kwana a wurin tare da ku. Kada a yi ta shelar rana da wuri a Facebook kafin a yi, hotuna su jira sai an watse. In mahukunta suka ce a dakata saboda wani abu da suka ji, a dakata ba gardama, ko da an riga an sayi kayan miya.

Iyaye mata fa, kada ka tsallake su. A gidaje da yawa uba ne ke cewa to, amma zuciyar uwa ce ke sa ya faɗa. Ka nemi matarka ko wata malama da ake ganin girmanta ta zaga ta yi musu bayani: ina za a kwana, wa zai kwana da su, me za su ci, ƙarfe nawa za a dawo. Kowane yaro ya kawo takardar amincewa da sa hannun mahaifi ko wanda ke riƙonsa, da lambar waya biyu, kuma a ba kowane gida lambarka. A takardar a tambayi ciwon da yaro ke da shi. Wannan ba ƙa'idar ofis ba ce kawai. Mai sikila sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na tayar masa da ciwo, mai asma ƙurar hunturu da hayaƙin itace na iya shaƙe shi, mai farfaɗiya ba a barinsa kusa da wuta ko ruwa shi kaɗai. Ba a hana su zuwa, ana shirya musu ne. Ku roƙi wani ma'aikacin lafiya na unguwa ya kwana da ku ko ya bar wayarsa a kunne, a kuma tanadi mota ko babur da mai a ciki.

Lokaci ma abin dubawa ne. Da damina sauro ya yi yawa, yara kuma suna gona. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne, kuma lokacin sanƙarau ne, ba a cusa yara da yawa a ɗaki ɗaya. Hutun Disamba ya fi, amma shi ma da nasa haɗarin, kuma ina so ka riƙe wannan da kyau: kada a shiga da kaskon garwashi aji a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, mai barci ba ya jin shigarta, kuma tana kisa. Bargo da rigar sanyi su ne maganin hunturu. Batun dam kuwa, ko ranar da tsaro ya inganta aka koma, a bar wanka a ciki. Ban da nutsewa, ruwan da ke kwance irin wannan shi ke sa wa yara tsargiya, fitsarin jinin nan da wasu ke ɗauka alamar balaga ce alhali cuta ce.

Akwai wata magana da ba a cika son yi ba, amma wanda zai kwana da 'ya'yan mutane dole ya ji ta. Kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, ko kai ne, ko mataimakinka, ko wani uba. Manya su kwana a nasu wurin kusa da ƙofa, kullum su kasance biyu biyu, 'yan shekara 16 kuma kada a haɗa su shimfiɗa da 'yan shekara 10. Wannan kariya ce ga yaran, kariya ce ga mutuncinku. Kuma a hana manyan yara dukan ƙanana ko sa su tsallen kwaɗo da sunan horo. Yaron da aka wulaƙanta a daren farko ba ya dawowa, kuma ba zai faɗa maka dalili ba.

Kukan kuɗi gaskiya ne, amma kwana ɗaya cikin gari ba ya cin kuɗin mota, wanda shi ne ya fi nauyi. Maimakon a yanka wa kowa kuɗi, kowane gida ya kawo abin da ke ɗakinsa: wannan rabin tiyar shinkafa, wancan wake, wani gero na koko, wani manja ko ƙuli-ƙuli, wani itace. Tabarma da bargo da kwano daga gida. Marayu da waɗanda ka san babu, ku rufa musu asiri tsakaninku da Alhaji, kada a karanta sunan wanda bai kawo ba. Abin da aka tara da abin da aka kashe kuwa a rubuta, yaro ɗaya ya riƙe littafin, a karanta a gaban iyaye ranar rufewa.

Yanzu ga inda manyan da suka gudu za su shigo. Kada ka gayyace su su zo a matsayin mahalarta, ba za su zo ba. Ka je ka ce, wane, ina da yara bakwai ba mai riƙe mini su, kai nake so. Wanda ke garejin kanikanci ka ba shi fitilu da janareto, wanda ke kasuwa ka ba shi cefane da lissafi, mai karatun kimiyya ya koyar da taimakon gaggawa, ya nuna wa ƙanana yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ke jin kunyar gajeren wando a bar shi ya sa dogo. Abu mafi wuya a kanka shi ne ka janye hannunka. Za ka ga rumfa ta karkace, za ka ga wuta ta ƙi kamawa, zuciyarka za ta ce tashi ka gyara. In ba haɗari a ciki, zauna. Ranar da ka karɓe aikin daga hannun shugaban rukuni a gaban yaransa, ka mayar da shi ɗan kallo. Kuma kafin a naɗe tabarmi a sanar da fita ta gaba, a bar kowane rukuni da shugabansa da aikinsa na mako mako, domin daɗin kwana ɗaya ba ya riƙe yaro wata shida. Idan abin ya kankama, wata rana ku yi tafiyar yini zuwa Katsina, a tafi da safe a dawo kafin magariba, su ga hasumiyar Gobarau da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Marayan nan kuma lamarinsa daban ne, kada ka jira sansani kafin ka neme shi. Kau da kan da yake yi in ya gan ka alama ce mai kyau, kunyarka na nan a ransa. Kada ka tare shi a gaban abokansa. Ka aika a kira shi gida, ku ci abinci tare, ka nuna masa ba ka cire shi daga cikin naka ba. Ka ba shi aikin rana da zai yi a gabanka, amma kada ka damƙa masa ƙananan yara da dare sai ka tabbatar da halin da yake ciki, domin su ma amana ne. In ka gano shan ya yi nisa, kwana a tanti ba zai warkar da shi ba. Ka zauna da mahaifiyarsa ko kawunsa cikin sirri, a kai shi ga likita, hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ma tana da sashen ba da shawara ga masu son dainawa, ba kame kaɗai take yi ba. A kuma nema masa sana'a a hannun mutumin kirki, domin yinin da ba komai a cikinsa shi ke mayar da yaro majalisa.

Abokinka kuwa, ka same shi kafin kowa. Ka ce masa, wallahi abin da ke damunka shi ke damuna, kuma kai na fi so ka riƙe shirin nan gaba ɗaya, amma ba zan yi wa iyaye ƙarya ba, ba kuma zan yi shiru in ga an yi musu ba. Ka faɗa masa wannan a fili tun yanzu, don kada gobe ya ce ka ci amanarsa. Mai zafin nama irinsa in aka ba shi aikin da zai gaji a kai yawanci yakan sauko. In ya dage sai ya tafi, ka bar shi ya tafi da mutunci, ku ci gaba da gaisawa, amma ka sanar da Alhaji da iyaye cewa duk fitar da ba ta zo da takarda daga hannunka ba, ba ta ƙungiya ba ce.

Yayanka kada ka matsa masa, kada kuma ka bi ta bayansa wurin matarsa. Ɗansa ne. Ka roƙe shi ya bar yaron ya yi yinin, da magariba ka mayar masa da shi har gida da kanka. In ka samu fuska, ka ce Yaya, muna neman dattawan da za su kwana da mu, ko za ka taimaka? Sau da yawa uban da ya ƙi sakin ɗansa yakan yarda in shi ma yana wurin. In ya ƙi, ka ce to, kada zumunci ya taɓu a kan kwana ɗaya.

Zai yiwu ka yi duk wannan Alhaji ya ce yini dai, kwana a'a. In haka ta faru ka karɓa, ka riƙe yinin da kyau, ko sau ɗaya a wata, domin mafi yawan abin da na zayyana maka, rukuni da girki da shugabancin yara, ba sa bukatar dare. Ka kuma tambayi shugabanninku na jiha ko akwai wani zama da suke shiryawa a hukumance wanda iyaye za su fi sakin jiki da shi, ka tura ko mutum huɗu daga manyan. Bayan wata shida ka sake komawa wurin Alhaji da sunayen waɗanda suka dawo.

Maganar ajiye shugabanci kuwa, na ji gajiya a cikinta, kuma ba laifi ba ne mutum ya gaji. Amma ba yanzu ba, ɗana. In ka sauka a wannan makon, yara 14 ɗin nan za su faɗa hannun wanda ke shirin kai su bakin ruwa a ɓoye. Ka ba shirin nan shekara guda, ka jawo mutum biyu daga tsofaffin abokan sansaninku su riƙa karɓarka wasu Asabar ɗin don ka samu ka huta da iyalinka. In shekara ta cika ka ga har yanzu zuciyarka na son sauka, sai ka miƙa wa wanda ka horar, a gaban Alhaji da iyaye. A wannan makon dai abu biyu nake so ka yi: ka zauna da abokinka, ka kuma aika a kira maka marayan nan. Allah Ya dafa maka, Ya shirya mana zuri'a.